Baya Ɗaya, Yara Biyu: Keken Tura Yara a Rairayin Dagmanet

Macen da Allah ya ba tagwaye, ko wadda ta yi kwanika ta sake haihuwa alhali na hannu bai cika shekara biyu ba, tana da wani lissafi da take yi kullum kafin ta tsallake dokin ƙofa. Baya ɗaya gare ta, yara biyu. Wa za a goya, wa za a saɓa a kafaɗa, wane hannu zai riƙe jakar kaya da katin awo, wane kuma zai ciro kuɗin mai kabu-kabu? A Dagmanet, kamar sauran unguwannin gefen birnin Agadas inda zuwa kasuwa ko asibiti yake da 'yar tafiya, wannan lissafi ba wasa ba ne. Yanzu wayar hannu ta zo da wata amsa da kakanni ba su sani ba: keken tura yara mai kujera biyu, irin wanda ake gani a hotunan Facebook da TikTok, ko wanda alhazai suka gani a harabar masallatan Makka da Madina. Maigida ya ce zai sa a taho masa da shi daga Kano ko Tamanrasat, mahaifiyarsa ta ce ba dai a gidanta ba. Kowanensu yana da tasa gaskiyar. Sai dai gardamar tasu takan tsallake mutum ɗaya da ya fi kowa cancanta a ambata, za mu zo kanta.

Bari mu fara da tsofaffi, don girmansu ne, kuma hujjarsu ta fi nauyi fiye da yadda matasa suke zato. Tsohuwa za ta dubi ɗanta ta ce: "Kai, da me na goya ka, kai da ƙannenka? Zane da majanyi ba su ishe ku ba?" Wannan ba ƙin sabon abu ba ne kawai. Ɗan goyo yana jin ɗumin uwarsa, ita ma tana jin nasa. Idan jikinsa ya yi zafi bayanta ne yake fara sani, tun kafin yaron ya yi kuka. Idan numfashinsa ya canza ta ji. Yunwa ta taso, juyo shi kawai za ta yi. Hannuwanta biyu a sake suke, tana daka, tana wanki, tana ciniki. Ba taya, ba birki, ba abin da zai karye, in zanen ya yi datti a wanke a shanya, rana ta busar kafin a gama hira.

Masana ma sun iske tsofaffi a inda suke tsaye. Likitocin ƙashi sun daɗe da lura cewa gocewar ƙugun jarirai ba ta da yawa a al'ummomin da ake goyon yaro ƙafafunsa a ware a gefen uwa. A birnin Bogota na Kolombiya, a 1978, likita Edgar Rey ya fara sa iyaye mata su manna bakwaini a ƙirjinsu fata da fata saboda ƙarancin kwalaben reno, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi hakan tun daga haihuwa. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata suke goyo, ta koma gida ta ɗinka jakar goyo mai suna Snugli, ta yi mata rajista a 1969. Wato lokacin da muke leƙen kekensu, su suna sayen bayanmu da dala. A Birtaniya kuma, binciken da Suzanne Zeedyk ta jami'ar Dundee ta fitar a 2008 ya nuna cewa iyaye sun fi yi wa yaro magana idan yana fuskantarsu, idan kuwa keken ya juya musu bayansa hirar takan ragu sosai. Ɗan goyo kuwa duk gaisuwar da uwarsa ta yi a hanya da shi aka yi.

Hujja ta biyu ta masu ƙin keke ba ta al'ada ba ce, ta ƙasa ce, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi. Keken yara ɗan daɓe ne. Na farko da tarihi ya riƙe shi ne wanda William Kent ya ƙera a Ingila a 1733 don 'ya'yan wani basarake, ana ɗaura wa akuya ko ɗan doki ya ja shi a lambun fada. Wanda ake naɗewa kamar lema kuwa Owen Maclaren ne ya fito da shi a 1965, injiniyan jiragen sama, don titunan Landan da filin jirgi. Duk an yi su ne ana kallon shimfiɗaɗɗiyar hanya mai gefen masu tafiya a ƙasa. To, Agadas ta samu kwalta da daɓe a manyan hanyoyi lokacin bikin Agadas Sokni na 18 ga Disamba 2016, ba wanda zai musa. Amma uwar tagwaye ba a bakin kwalta take kwana ba. Daga ƙofar gidanta zuwa babban titi rairayi ne, tsakuwa, ƙaya, wani wurin kuma ramin da ruwan Agusta ya bari.

A yi lissafin nauyi. Yaro ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 zuwa 10, ɗan shekara biyu wajen 12. Keke mai kujera biyu shi kansa yakan kama daga kilo 12 zuwa 17. Ka haɗa da gorar ruwa da jakar kaya, ka ga mace tana tura abin da ya haura kilo 30, wani lokaci ya doshi 40. A kan siminti yatsa biyu sun isa. A cikin yashi, tayoyin roba ƙanana kamar murfin kwano nutsewa suke yi, na gaba su karkace, sai ja da baya. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan ga-ruwa yana tura kurarsa ya san dalilin da ya sa ba ya saka mata ƙaramar taya: babbar ƙafa ce take hawa yashi. Yawancin kekunan da suke isowa kasuwanninmu da araha kuwa masu ƙananan ƙafafun nan ne.

Sai zafi. A watannin Mayu da Yuni zafin Agadas yakan wuce digiri 40, ƙasa kuma ta fi iska zafi. Yaron da yake cikin keke ya fi uwarsa kusa da ƙasar, yana zaune a kan leda da soso. Abin da uwa mai tausayi za ta yi shi ne ta yafa mayafi a kan keken don inuwa, ita kuwa dabarar nan ita ce haɗarin. Masu bincike a jami'ar Sydney ta Ostareliya sun gwada a 2023, suka ga rufe keke da busasshen ƙyalle yana ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4. Su ma ƙasar zafi gare su, amma ba su da hunturun da yake cika ido da ƙura. A jami'ar Surrey ta Ingila an ƙiyasta a 2018 cewa yaron keke yana iya shaƙar gurɓatacciyar iska da ta ɗara ta babban da yake tura shi da kashi 60 cikin ɗari, don hancinsa yana daidai da bakin salansa. Ka tuna yawan babura da Hilux da suke tashin ƙura a titunan Agadas.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba sai an riga an biya kuɗi: in an iso bakin titi, sai yaya? Keke mai kujera biyu ba ya hawa kabu-kabu. A adaidaita ma sai an naɗe shi, an sauke yara biyu, an samu mai riƙe su, direba yana danna oda. Gidajen tsohon gari, wajen fadar Sarkin Abzin da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, lungunansu da ƙofofin zaurensu ba a gina su don abu mai faɗin santimita 75 ba. Ziyarar dangi a can sai a bar keken a waje. Ba mu kaɗai ba ne: jaridar Washington Post ta taɓa ba da labari a 2004 yadda kekunan yara suke yin kwantai a shagunan Nairobi, birnin da ya fi namu kwalta nesa ba kusa ba.

Batun kuɗi gajere ne. Keke mai kujera biyu na ƙwarai, mai manyan tayoyi, ba wuya kuɗinsa ya kai Yuro 500 a Turai, wato sama da jika 320 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Kusan albashin wata takwas kenan a kan abin da amfaninsa bai wuce shekara biyu zuwa uku ba. Saura gwanjo, shi kuma gwanjo ba ya zuwa da tarihinsa. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka bayan maganaɗinsu ya datse kan yatsun yara 12. Mai saye a can an aika masa da abin gyara. Mai saye a hannu na uku a kasuwarmu wa zai aika masa?

Idan aka tsaya a nan sai a ce an gama, tsohuwa ta yi nasara. Ba a gama ba. Duk yabon da aka yi wa goyo, yabon goyon ɗa ɗaya ne. Tambayarmu kuwa ta yara biyu ce, kuma ba tambayar tsiraru ba ce. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 ya ce abin ya sauko zuwa 6.2. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a bar wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, addini ma ya faɗi shekara biyu na shayarwa, amma kowa ya san sau nawa ciki yake riga yaye. Tagwaye kuma yankinmu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya fi ko'ina yawansu a duniya. A maƙwabciyarmu Benin an ƙidaya kusan 28 a cikin kowace haihuwa dubu. Ba banza ba Bahaushe ya tanadi suna har ga wanda ya biyo bayansu. Kafin Gambo ya zo, wani ne ya yi ɗawainiyar Hassan da Usaini.

Masu son keke sukan fara da jikin uwar. Macen da aka yi wa tiyata aka ciro mata tagwaye ba a son ta ɗauki abu mai nauyi na wasu makonni. Amma riga-kafi ba ya jira: mako na 6, na 10, na 14, sannan wata 9. Tun 2006 gwamnati ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, sai dai ba a kawo kyautar gida, sai uwa ta kai kanta. Mai tsohon ciki da ɗan shekara ɗaya da rabi a baya ita ma haka, nauyi gaba nauyi baya. Ciwon baya da na ƙugu da mata suke fama da shi an mayar da shi kamar wani harajin haihuwa, ba a ma ɗauke shi ciwo ba. Idan ta yi ƙorafi a ce mata raguwa. Matashiyar da ta ce wa uwar mijinta, "Inna, wallahi bayana ne ba ya ɗauka," ba sangarta take yi ba.

Suna kuma cewa ɗan tatata da aka sake a bakin titi ya fi ɗan goyo shiga haɗari. Uwa tana gyara majanyi, shi ya fizge hannu ya bi akuya, babur na tafe. Keke mai maɗauri yana riƙe shi wuri ɗaya. A layin asibiti, inda ake yini ana jira, yara biyu suna da wurin kwanciya da ba ƙasa ba. Sannan akwai wani amfani da maza ba sa son a faɗa a gabansu: namijin Bahaushe ko Ba'abzine ba zai ɗaura zane ya goya ɗa ya ratsa unguwa ba, amma zai iya tura keke, har ma ya ji daɗin a gan shi. Idan ƙarfe da taya ne za su sa uba ya fita da 'ya'yansa bayan la'asar uwar ta samu ta runtsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga wadda ake tsallakewa. Idan tsohuwa ta ce "mun rene ku ba keke," gaskiya ta faɗa, amma ba ita kaɗai ta yi renon ba. Gidan gandu ne, akwai kishiya, akwai faccala, akwai ƙanwar miji da 'yar riƙo. Ɗa na biyu kullum yana da baya na biyu. A unguwannin da suka cika da baƙi, ma'aikatan da aka turo daga Damagaram ko Tawa, matan da mazansu suke Arlit ko wuraren haƙar zinari na Jado da Tabarkat, waɗannan bayan sun ragu. Sai nauyin ya faɗa kan wanda ba ya iya cewa a'a: babbar 'yar gidan, 'yar shekara bakwai ko tara, ko wata yarinya da aka ɗauko daga ƙauye da sunan riƙo. Kowa ya san ta. Tana tafe a karkace, ƙafafun ƙanenta suna dukan ƙwaurinta. Ranar awo ba ta zuwa makaranta, ranar kasuwa ma haka, ranar suna da ranar gaisuwar mutuwa haka. Malami ya kira suna shiru, har ya daina kira. Nijar ta fitar da doka a Disamba 2017 ta kare karatun 'ya mace har shekara 16, amma doka ba ta goyon ɗa. Duk wanda ya yi wa keke dariya, ya fara gaya mana bayan wa zai ɗauki na biyun. Idan amsarsa "ai ga yayarsu nan," to ba araha ya samu ba, ya dai mayar da bashin kan wadda ba ta san an ci da sunanta ba.

Wannan ce ta sa ban yarda a kashe maganar da cewa kayan Turawa ne ba. Babur ma kayansu ne, wayar da ake gardamar a kanta ma haka. Abin dubawa shi ne ko kayan ya dace da hanyar.

Ga wanda ya ƙudura sai ya saya, iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kujeru kafaɗa da kafaɗa, akwai mai ɗaya gaba ɗaya baya. Na biyun siriri ne, yana shiga ƙofa, amma dogo ne, nauyinsa yana rinjaya gaba, ɗaga shi a kan dutse ko dokin ƙofa aiki ne, a yashi kuwa shi ya fi saurin cijewa. Wasu an sa kujera ɗaya a ƙasa sosai, mai zama a can shi yake shan ƙura. Na kafaɗa da kafaɗa ya fi sauƙin turawa a hanya marar kyau don nauyin ya rabu daidai, yaran kuma ba mai kukan an sa shi a baya, amma sai an auna ƙofar gida da igiya kafin a je kasuwa. Taya ta zama babba, irin ta kekunan da Phil Baechler ya fara ƙerawa a Amurka a 1984 don ya riƙa gudu da ɗansa a hanyar da ba daɓe. Mai iska ta fi laushi, amma ƙayar aduwa za ta sa ka saba da mai faci. Wadda aka cika da soso ba ta sacewa. A gwada birki da yara a ciki, a ja maɗaurin a ga yana kama kafaɗu da ƙugu da tsakanin ƙafafu, a duba maganaɗin da yatsa kafin yaro ya duba da nasa. Jaririn da bai kai wata shida ba, wuyansa bai tsaya ba, sai kujerar da take kwantawa sosai. Kada a rataya jaka mai nauyi a mariƙi, takan kifar da keke ta baya. Inuwa kuma a bar ta a buɗe iska tana ratsawa, a fita da sassafe ko bayan la'asar.

Wani abin da yake ba ni mamaki shi ne garin da ya yi suna da maƙera, garin da masu walda suke haɗa amalanke da kura daga tarkacen ƙarfe, har yanzu jira yake a kawo masa keken da aka zana don titin Faris. Ƙafafun keken hawa guda biyu, ƙaramar ƙafa a gaba, rumfar tabarma mai shan iska, wurin zaman yara biyu da maɗauri mai kyau: ba fin ƙarfin Agadas ya yi ba. Amma abin da zai ɗauki jariri ba a yi masa ƙirar gwaji, dole ungozoma da likitan yara su sa ido kafin a ɗora ɗan kowa.

Hukuncina shi ne, ga yawancin gidajen Dagmanet da suke da jariri da ɗan tatata, keke mai kujera biyu ba shi ne abin saye ba. Jariri ya zauna a baya inda ya fi samun lafiya, babban a nema masa keke mai kujera ɗaya mai manyan tayoyi idan hanyar gidan ta yarda. Ya fi araha, ya fi sauƙin naɗewa a adaidaita, kuma nauyin da za a tura ya ragu sosai. Mai kujera biyu na uwar tagwaye ne, da wadda aka yi wa tiyata ko take da ciwon baya, da wadda ba ta da mataimaki sai 'yar makaranta, muddin gidanta yana kusa da hanya mai tauri. Waɗannan kada kowa ya yi musu gori.

Kai kuma maigida, kafin ka aika da kuɗi Kano ko Tamanrasat, ari keke ko da na maƙwabta ne, ka ɗora masa jarka ɗaya ta lita 25 cike da ruwa, ka tura shi da kanka daga ƙofar gidanka zuwa asibitin unguwa ka dawo. Idan ya tafi, saya. Idan ya cije, riƙe kuɗinka ka biya adaidaita ranar awo, ko ka raka ta ka saɓa ɗayan a kafaɗarka, ka bar yayarsu ta tafi makaranta.